Ka tuna yaron da muka yi wa dariya a aji?

Ɗan uwa, ka tuna lokacin da malam zai cika allo da rubutu, ya juyo ya ce "Kun gane?", mu amsa baki ɗaya, "Eh, malam!", alhali ko rabi ba mu gane ba? Ka tuna yaron nan da ke ɗaga hannu ya yi tambaya, muka bi shi da "iyayi" da "neman suna" har ya daina? Ni ma ina cikin masu dariyar, ba zan ɓoye ba.

Yau kuma mu ne a Facebook muna caccakar shugabannin makarantu, wai sun mayar da karatu hadda zalla. Wani lokacin gaskiya ne. Amma ka sa kanka a kujerar firinsifal. Ya ce a bar ɗalibai su riƙa muhawara da gwaji da aikin rukuni. Malami yana tsoron a ce ajinsa ya cika surutu. Iyaye kuma littafin da aka cika da kwafe suke son gani. Ɗalibin da ya buɗe baki abokansa su yi masa ihu. To a wannan yanayi, umarninsa zai wuce takardar da aka manna a allon sanarwa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dubi ƙasar Kolombiya. A 1975 Vicky Colbert da abokan aikinta suka fara tsarin Escuela Nueva, wato sabuwar makaranta, a ƙauyuka inda malami ɗaya ke riƙe da azuzuwa da yawa. Ba kayan tsada suka kawo ba, ɗabi'ar makarantar suka sauya. Yara suka koma zama rukuni-rukuni suna aiki da littafin jagora, wanda ya gane ya koya wa ɗan uwansa, malami yana zagayawa yana taimako. Ɗalibai suka riƙa zaɓen shugabanninsu, suna kafa kwamitocin kula da laburare da tsafta. Malaman makarantu maƙwabta kuma suna haɗuwa su tattauna abin da ya yi aiki da wanda ya ƙi. Tsarin ya bazu zuwa dubban makarantun karkara, har Colbert ta ci kyautar Yidan ta ilimi a 2017.

Sirrin shi ne, inda kuskure ba abin kunya ba ne, shugaba ba ya buƙatar bulala kafin a gwada sabon abu. Malami zai jarraba dabara, in ta ƙi ya faɗa a gaban abokan aikinsa ba tare da fargaba ba.

Kai fa, ina naka rabon? In kana aji, ka yi tambayar nan da ke cin ka, ka kuma tsawatar wa masu dariya. In ka gama, ka koma tsohuwar makarantarku ka taimaka a farfaɗo da ƙungiyar muhawara ko ta kimiyya. Ke 'yar uwa, in ƙanwarki ta dawo gida, maimakon "nawa kika ci?", ki ce mata "me kika tambaya yau?"

Yaron nan da muka rufe wa baki shi ne ya fi mu gaskiya. Matambayi ai ba ya ɓata.