Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Matasan Masu Binciken Ƙwayoyin Halitta a Abuja

Ƙannena,

Wannan wasiƙa taku ce, ku da ke wuni a ɗakunan gwaje-gwaje na Idu da Gaduwa da Lugbe da Sheda da Gwagwalada, kuna tatso DNA daga jini ko ganye, kuna addu'ar kada a ɗauke wuta alhali na'urar PCR tana tsakiyar aiki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda hirarku ta sauya. A da idan aka haɗu a wajen taro, tambayar ita ce, "A kan me kake aiki yanzu?" Yau kuwa sai ka ji, "Nawa ne h ɗinka?" Har hoton shafin Google Scholar ake ɗauka a sa a WhatsApp, abokai na ta zuba barka.

Ban ga laifinku ba. Kwamitin ƙarin girma ƙidaya yake yi, masu ba da tallafin bincike ma suna leƙa lambar. Amma tunda da ita ake auna ku, ya kamata ku san abin da take aunawa.

Jorge Hirsch, wani masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, shi ya ƙirƙiro ma'aunin h a 2005. Idan aka ce h ɗinka 10 ne, ana nufin kana da maƙala goma waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau goma. Shi ke nan. Bai san wanda ya kwana kan benci ba, bai san wanda aka liƙa sunansa na arba'in a jerin marubuta ba. Wanda ya ambace ka don ya yaba da wanda ya ambace ka don ya ce aikinka kuskure ne, duk ɗaya suke a wurinsa. Shi kuwa ma'aunin tasirin mujalla, Eugene Garfield ya tsara shi ne don tantance mujallu, ba mutane ba, kuma masu kula da laburare ne suka fi amfana da shi wajen zaɓar wadda za su saya. Shi ya sa masana da editocin da suka haɗu a San Faransisko a ƙarshen 2012 suka fitar da sanarwar DORA, suka ce a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga a ciki.

A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambato a tarihin kimiyya. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokan aikinsa ta 1951, kan yadda ake auna yawan furotin, an ambace ta sama da sau 300,000. Ta biyu ta Laemmli ce ta 1970, wadda duk mai zuba jel na furotin yake bin tsarinta. Ta uku ta Bradford ce ta 1976. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ko shiga jerin ba ta yi ba. Wato ambato ba ya bin girman ganowa, yana bin abin da hannun mutane ke kaiwa gare shi kullum. Wannan kuma labari ne mai daɗi a gare ku, domin halastacciyar hanyar tara ambato a buɗe take: ku yi aikin da wani zai iya ɗauka ya yi amfani da shi. Ku rubuta hanyar gwajinku dalla-dalla yadda ɗalibi a Sakkwato ko Maraɗi zai maimaita ba tare da ya kira ku a waya ba. Ku zuba jerin ƙwayoyin gadon da kuka karanta a GenBank. A watan Maris na 2020, kwanaki kaɗan bayan samun mutum na farko mai korona a Legas, cibiyar ACEGID da ke Ede tare da NIMR da NCDC suka karanta jerin ƙwayoyin gadon cutar, karo na farko a Afirka, suka baza shi a fili ba su tsaya jiran mujalla ba. Duniya ta san da su a lokacin da take buƙatarsu.

Kuma ba sai kun je nesa neman tambaya ba. Ciwon sikila shi ne wanda Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa asalinsa lahani ne a ƙwayar furotin guda, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan jariran da ake haifa da shi, kusan 150,000 a shekara. Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da tawagarta sun gwada jarirai sama da 3,000 a ƙananan asibitocin Gwagwalada, a daidai lokacin da iyaye mata ke kawo su rigakafi, da gwajin nan-take mai araha. Aikin ya fito a Lancet Haematology a 2020. Tambayar ta gida ce, an amsa ta da kyau, mujallar ta buɗe ƙofa.

Sai dai ku riƙe labarin Niprisan a gefe guda. A cibiyar NIPRD da ke Idu, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, aka tace wannan magani na sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace dangin madobiya. An buga sakamakon gwajinsa a Phytomedicine a 2001. An ba wani kamfanin Amurka lasisi, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006, kamfanin ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kasuwa shekaru da dama kafin a sake ba May & Baker lasisi a 2018. Duk tsawon wannan lokaci maƙalar tana nan ana ambatonta, uwar mai sikila kuwa tana yawon kemis-kemis. Babu lambar da ta nuna wannan.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci. Duk wanda ya taɓa zama tantance takardun ƙarin girma ya san kundin nan mai kauri da ake kawowa an ɗinke shi da zoben roba. Ka buɗe ka ga bincike ɗaya an yanka shi siri-siri kamar kilishi, ya haifi maƙala huɗu: ganye a nan, saiwa a can, ɓawo a gaba, ɓeraye iri ɗaya, teburi iri ɗaya. Ka duba ranar da aka aika da ranar da aka karɓa, tsakaninsu bai fi mako ba. Ka kai ido kan hoton jel, sai ka ga layi na uku da na bakwai tagwaye ne, har ɗigon dattin da ke gefensu. Kada ku zaci ba a gani. Elisabeth Bik da abokan aikinta sun duba maƙalu sama da 20,000 a 2016, suka samu kusan kashi 4 cikin ɗari da hotuna masu matsala, kuma yau manhajoji ke wannan farauta. A 2023 kaɗai an janye maƙalu fiye da 10,000 a duniya. Maƙalar da aka janye ba ta ɓacewa, tana nan a intanet da tambarin janyewa da sunanka a sama.

Mujallun ci-da-ceto kuwa, masu aiko da imel suna kiranka babban farfesa tun kana digiri na biyu, John Bohannon ya tona asirinsu a 2013: ya aika maƙalar bogi mai cike da kurakurai ga mujallu 304, 157 suka karɓa. Haka cinikin "ambace ni in ambace ka". A 2024 wasu matasan masana a Amurka da Ingila sun samar wa wata kyanwa mai suna Larry ambato 132 a Google Scholar don su nuna saukin maguɗin. Wanda ya sayi lambar da kyanwa ma ta samu, me ya saya?

Batun suna a kan maƙala, ku yi shi tun kafin a ɗebi samfurin farko, a rubuce. Idan za a tura jini ko ƙwayoyin cuta Ingila ko Amurka, ku tambaya tun ranar: wa zai yi nazarin bayanan, wa zai zama marubuci na farko, ina za a ajiye ragowar samfurin? Kunya a nan asara ce, don sau da yawa wanda ya sha rana a ƙauyukan Kwali da Abaji yakan ƙare a layin godiya. Na san kuma akwai ogan da zai ce a sa sunansa alhali ko taken bai karanta ba, kuma na san ƙin hakan ba sauƙi ga mai jiran sa hannu. Aƙalla ku yi alkawari ba za ku yi wa ɗalibanku haka ba idan kujerar ta zo kanku.

Wani ƙaramin abu da ke cutar mu musamman: rubutun suna. Yau Muhammad, gobe Mohammed, jibi an sa sunan gari a matsayin na ƙarshe, ga 'yar'uwarmu ta yi aure ta koma sunan miji. Rumbun Scopus sai ya raba mutum ɗaya gida uku. Ku zaɓi rubutu ɗaya ku tsaya a kai, ku yi rajistar ORCID, kyauta ne. Idan kuɗin bugawa ya fi ƙarfinku, ku rubuta wa edita ku nemi sassauci, mujallu da yawa na ƙwarai suna yi, wasu ma ba sa karɓar ko kwabo.

Ga manyanmu da ke zama a kwamitoci, da masu tsara ƙa'ida a NUC da TETFund can Maitama, roƙona ɗaya ne. Ku ce wa mai neman ƙarin girma ya kawo maƙalunsa biyar da ya fi alfahari da su, ya faɗi abin da hannunsa ya yi a kowacce, ku kuma ku zauna ku karanta su. Yaran nan abin da kuke ƙirgawa shi suke kawo muku.

Wassalam.

Naku,
Wani yayanku a sana'ar,
Abuja.