Wa Ya Haramta wa Mace Tsara Gini?

Daga cikin ra'ayoyin da suka kafu a zukatan mutanenmu na Kiyawa da Dutse, har aka riƙe su tamkar nassi alhali ba su da madogara a shari'a ko a hankali, akwai cewa tsara gini sana'ar maza ce, kuma yarinyar da Allah ya hore wa basirar lissafi da zane gara a karkatar da ita zuwa jinya ko koyarwa. Ni ina ganin wannan zalunci ne, kuma illarsa tana cikin gidajenmu.

Tun da Dutse ta zama hedikwatar Jigawa a 1991, gidajen bulo da kwano suke ta yaɗuwa, ɗakuna suna turiri da bazara, madafi babu mafitar hayaƙi, tsakar gida ta ƙuntata. Wadda kuwa take wuni a cikin wannan ƙunci, tana girki tana reno, ita ce ba a shawarta ranar da ake shata harsashi. Ashe an manta cewa iyayenmu mata su ne masu daɓe, suna bugun ƙasa da madaɓi har ta yi sulɓi?

Wanda yake neman hujja ya dubi Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, inda Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin Juma'a ɗakin karatu, suka tsara sabon masallaci da tubalin ƙasa matsattse wanda yake riƙe sanyi, aka kammala a 2018. Mata ne suka zana shi, jama'ar gari kuwa a cikinsa suke salla. Haka nan a Cekoslobakiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake yayin gine-ginen kankare tsura marasa ado, Vera Machoninova da mijinta suka zana katafaren kantin Kotva na birnin Prag, wanda aka buɗe a 1975. Ba salonsu nake kwaɗayi ba, domin kankare ba abokin ranarmu ba ne. Abin lura shi ne an damƙa wa mace amanar babban aiki, ta kuma sauke ta.

Saboda haka ina roƙon iyaye da malaman makarantun 'yan mata, idan kuka ga yarinya mai wannan baiwa, ku tura ta sashen tsara gine-gine na jami'a a Zariya ko Kano, ku tsaya mata har ta gama.