Kenan Malik: Abin Da Musulmi Zai Ɗauka Da Abin Da Zai Bari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Duk mai bibiyar muhawarar da ake yi a Birtaniya kan baƙi da launin fata da matsayin Musulmi, da wuya bai ci karo da sunan Kenan Malik ba. An haife shi a Indiya a 1960, ya tashi a Mancesta, ya karanci ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Jami'ar Sussex, sannan tarihi da falsafar kimiyya a Landan. Ya gabatar da shirin Analysis a rediyon BBC, ya kuma daɗe yana rubutu a jaridar Observer. Mutum ne da ba ya bin addini, bai kuwa ɓoye ba. Sai dai ra'ayinsa yana da tasiri a kan yadda ake kallon 'yan'uwanmu a can, don haka ya kamata ɗalibi ya san shi.

A littafinsa The Meaning of Race na 1996, ya nuna cewa rarraba mutane zuwa jinsi maɗaukaki da jinsi ƙasƙantacce ba daga halitta ya fito ba. Al'ummar da ta yi shelar daidaito amma ta ci gaba da bauta da mulkin mallaka ce ta nemi hujjar da za ta kare kanta. Binciken Richard Lewontin na 1972 ya ƙarfafa wannan: kusan kashi 85 cikin ɗari na bambancin ƙwayoyin gado yana tsakanin mutanen al'umma guda ne. Musulmi ba zai yi mamaki ba, domin aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta riga ta sanya taƙawa ma'aunin fifiko.

Batu na biyu shi ne bambancin da ya yi tsakanin zaman cuɗanya, wanda yake yabawa, da manufar hukuma ta sanya kowa a akwatin ƙabilarsa ko addininsa. Ya kawo misalin Birmingham, inda bayan tarzomar 1985 hukumar birnin ta kafa ƙungiyoyi tara na ƙabila da addini don su wakilci jama'a. A ganinsa, hakan ya sa talakawa suka koma gogayya da juna kan kuɗin tallafi, wasu 'yan tsiraru kuma suka zama bakin kowa. Mu da muka san rikicin ɗan ƙasa da baƙo a Jos, wannan gargaɗi bai yi mana nisa ba.

Inda muka rabu da shi a bayyane yake. A littafinsa From Fatwa to Jihad na 2009, wanda ya bi diddigin rikicin Salman Rushdie na 1989, ya kare 'yancin faɗin albarkacin baki har da ɓatanci ga addini. Mu a wurinmu mutuncin Annabawa ba abin wasa ba ne, ko da yake martaninmu ilimi ne da bin doka, ba ɗaukar doka a hannu ba. Haka nan a 2005 ya ce an zuzuta ƙyamar Musulmi a Birtaniya, yana mai rarrabe sukar Musulunci da ƙin Musulmi. A takarda rarrabewar tana da sauƙi. Amma wanda ya afka wa masallata da mota a Finsbury Park a 2017, da waɗanda suka jefi masallacin Southport a 2024, ba su tsaya rarrabewa ba.

Ya ɗalibi, karanta shi da ma'auni a hannunka. Adalci ya wajaba ko ga wanda ka saɓa da shi: ka karɓi gaskiyarsa, ka mayar masa da kurensa da hujja. Wanda bai san hujjar abokin muhawararsa ba, zagi kawai zai iya, zagi kuwa bai taɓa kare addini ba.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Amin.