Ɗarfa: Tauraron da Ake Ƙirgawa Ba a Gani

A fadamun Argungu da Birnin Kabi, inda shinkafa ta dogara da cikar gulbin Rima, har yanzu akwai dattawan da suke lissafin damina da taurari. Sukan ce Nasara ta fita, Ɗarfa ta shiga, saura Jabha. Wannan lissafi na manzilolin wata ne guda 28 da malamai suka samo daga littattafan Larabci, kowane manzili da kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, watau jimla kwana 365. Sai dai kuma da wuya a sami wanda zai ɗaga yatsa ya nuna Ɗarfa a sama. Suna ya wanzu, mai sunan ya ɓace wa idanu.

Akwai dalili. Kwanakin Ɗarfa suna faɗawa cikin watan Agusta, tsakiyar marka, lokacin da rana take a wannan sashe na sama, haskenta ya rufe tauraron, ga kuma hadari. Ashe mutane ba su taɓa ganinsa a kwanakinsa ba, ƙirga shi kurum suke yi. Mai son ganinsa sai ya jira dararen Fabrairu da Maris, daidai lokacin da aka saba yin bikin kamun kifi a Matan Fada, ya duba gaban kan burujin Zaki idan hazo ya lafa.

Manzilin taurari biyu ne marasa haske, kuma ma'anar sunan a Larabci ita ce kallon idon zaki. Ɗaya daga cikinsu shi ne masana na yau suke kira Lambda Leonis, ko Alterf, sunan da Turawa suka ara daga bakin Larabawa kamar yadda Hausawa suka ari Ɗarfa. Dusashewarsa ba ƙanƙanta ba ce, nisa ne. Ƙaton tauraro ne da faɗinsa ya ninka na rana fiye da sau 40. Ya cinye iskar haidirojin da ke cikin cibiyarsa, sai ya kumbura, fuskarsa ta rage zafi, launinsa ya koma ja-ja kamar garwashin da ya fara hucewa. Haskensa yana shafe fiye da shekara 300 a hanya. Wanda yake sauka a kan masuntan Kabi a daren yau ya baro gida tun ba a haifi Shehu Usmanu a 1754 ba, balle a yi maganar cin Birnin Kabi a 1805.

Wasu sukan ɗaure fuska da jin batun taurari, su ce hanyar duba ce. Tsoron yana da tushe, domin 'yan duba sun daɗe suna cin abinci da buruji. Amma ƙirga kwanakin shuka daban, da'awar sanin gaibu daban. Alƙur'ani kansa ya ambaci manzilolin wata a Suratu Yunus dangane da sanin adadin shekaru da lissafi.

Abin takaici shi ne sakacin masu nazarin Hausa. Tun 1967 Mervyn Hiskett ya yi rubutu a kan wannan lissafi a cikin waƙoƙin Hausa, amma ɗalibi yakan haddace jerin sunayen domin jarrabawa, ya gama digiri bai taɓa kwana a fili yana duban sama ba. Hukumar UNESCO ta sa bikin Argungu cikin gadon al'adun duniya a 2016. Sanin sama da yake tare da masu noma da su a wannan kwari bai sami mai rajista ba.

Ya kamata sashen Hausa ya tura ɗalibai ƙauyukan fadama cikin rani, da na'urar ɗaukar murya da taswirar sama, su zauna da malaman hisabi da tsofaffin manoma, a rubuta wane tauraro kowa yake nufi da wane suna, da ranar da yake fara ƙirgarsa. A nemi kuma wani daga sashen kimiyya ya raka su, ko da ba a saba gaisawa ba.