Ɗalibin Falsafa Da Gafakar Kakansa

A ƙarshen kakar da ta wuce, lokacin da ake ɗaure dammunan dawa, wani ɗan ƙanwata ya taso daga Rogo a kan babur, ya iske ni a zaurenmu na Ƙaraye bayan sallar la'asar, ya durƙusa ya gaishe ni, kana ya zaro wata takarda daga aljihu ya ce, "Kawu, an ba ni gurbin digiri na biyu a fannin falsafa, amma Baba ya ce wannan karatun zindiƙai ne, kuma ko ba zindiƙanci, bai taɓa jin wanda ya ci tuwo da shi ba." Na karɓi takardar na duba, na ce masa tuhumar mahaifinsa kashi biyu ce, ta farko tana da amsa a cikin gidansu, ta biyun kuwa sai an yi mata haƙuri.

Wanda duk ya zauna a gaban malamin zaure a wannan ƙasa tamu ya san Ahalari, wanda da shi yaro ke fara koyon tsarki da salla. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne mawallafinsa, Shehu Abdurrahman al-Akhdari, shi ne kuma ya yi nazmin Sullam a kan ilimin mantiƙi, wato ma'aunin da ake gane ingantacciyar hujja daga gurguwa, wanda asalinsa ke komawa ga Aristo na Yunan. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi saboda wannan fanni, Suyuɗi yana hana shi, Magili yana kare shi. Ummul Barahin ta Sanusi, wadda da ita kakanninmu suka koyi tauhidi, ba ta fara da komai ba sai rarraba hukuncin hankali zuwa wajibi da mustahili da ja'izi. Ba na musun cewa Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ragargaji falasifa a Tahafut. Sai dai bai yi hakan ba sai da ya ƙware a karatunsu, kuma wanda ya mayar masa da martani, Ibn Rushd, alƙali ne Bamalike, mai Bidayatul Mujtahid da malamanmu ke ɗaukowa idan saɓani ya yi tsanani. Saboda haka idan aka ce falsafa baƙuwa ce a ƙasar Hausa, to baƙuwa ce da ta daɗe har ta yi jikoki.

A nan ne ra'ayina yake, kuma ina faɗinsa ga duk ɗan Ƙaraye ko Rogo ko makamantansu da ya ƙudura niyyar zama malamin jami'a a wannan fanni: jarinsa yana gida, kuma kuskure mafi girma da zai tafka shi ne ya bar shi a baya, ya tafi ya shiga sahun dubban masu sharhi a kan Kant ko Hegel, waɗanda suka fi shi Jamusanci, suka fi shi ɗakin karatu, suka fi shi wutar lantarki. Yaron da ya haddace Ajurumiya tun yana ɗan shekara goma sha biyu, yake karanta rubutun warash ba tare da gargada ba, yake jin Hausar tsofaffi har cikin ɓargo, yana riƙe da mabuɗin da akasarin furofesoshin falsafa na duniya ba su da shi. Ga Shehu Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, wanda matafiyin nan Barth ya gana da shi a 1853 ya kuma jinjina wa zurfin iliminsa. Ya bar rubuce-rubuce a kan hikima da tasawwufi da tarihi, amma sai ga shi cikin waɗanda suka fito da fuskarsa ta falsafa ga masanan duniya a 'yan shekarun nan har da Oludamini Ogunnaike, wanda ke koyarwa a Amurka. Allah ya saka masa da alheri, amma abin da ɗan kunya, alhali kuwa ɗan Rogo ya fi kusa da Zariya a kan birnin Kano, kuma tsofaffin littattafai na nan jibge a Jami'ar Ahmadu Bello, da Arewa House a Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ina nufin ɗalibi ya cika kundinsa da kirarin magabata ba, domin yabo ba tahƙiƙi ba ne, kuma kwamitin da zai zauna masa ranar kare kundi ba zai ba shi digiri don kakansa waliyyi ne ba. Wajibi ne ya karanta Aflaɗon da Aristo da Dekat da mantiƙin zamani karatu na haƙiƙa, har ya iya ɗora hujjar ɗan Tafa a kan ma'auni ya ce nan ta tsaya, nan ta rusuna. Kwasi Wiredu na Gana ya yi suna ne da gwada mas'alolin falsafar Turawa da harshensa na Akan, Sophie Oluwole kuma, wadda ta sami digirin digirgir a Ibadan a 1984, ta jera Orunmila na Yarbawa kafaɗa da kafaɗa da Suƙraɗ. Mu fa? Kalmar hankali kaɗai ta isa kundi guda: da ita muke nufin aƙalin da ake taklifi da shi, da ita muke cewa a ɗauki tulu a hankali, da ita kuma muke yabon yarinya mai ladabi, kamar dai Bahaushe bai yarda a raba tunani da natsuwa da ɗa'a ba. Tun 1974 Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafinsa a kan mutumin kirki, kuma shekara hamsin ke nan ƙofar da ya buɗe tana jiran masu shiga.

Amma batun tuwo gaskiyar surukina ce, kuma ba zan yi wa yaron romon baka ba. Tsanin aikin jami'a dogo ne, daga mataimakin malami zuwa sama, kowane mataki sai da maƙalu da aka buga; yajin aikin 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba; tallafin TETFund kuma na wanda ya riga ya sami aiki ne a makarantar gwamnati. Abin da ke sanyaya zuciya shi ne hukumar kula da jami'o'i ta sanya darasin falsafa da mantiƙi cikin darussan gama-gari da ɗalibai ke ɗauka, kwalejojin ilimi kuma suna koyar da falsafar tarbiyya, ga jami'o'i suna ta ƙaruwa a Kano da maƙwabtanta, don haka mai takarda da ƙwarewa ba zai rasa allon da zai tsaya a gabansa ba. Na gargaɗe shi da abu biyu kawai. Ya zaɓi malamin da zai duba masa aiki kamar yadda almajiran da suke zaɓen shehi, wato wanda ke karanta abin da aka kai masa ya mayar da shi da jan biro, ba mai dogon suna da ba a samunsa a ofis ba. Sannan ya guji mujallun nan na intanet da ke karɓar kuɗi su buga maƙala cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ta ba. Na taɓa ganin wani abokina ya tara irinsu har guda tara, ranar tantancewa aka soke su duka yana zaune.

Bayan mako biyu na bi shi Rogo don in yi wa mahaifinsa magana. Muka zauna a kan buzu, aka kawo fura, na fara jero Magili da Sanusi, shi kuwa yana sauraro yana jan carbi, bai ce uffan ba. Da na gama sai ya tashi ya shiga turaka, ya fito da wata tsohuwar gafaka ta marigayi mahaifinsu, ya kwance igiyar, ya yi ta ɗaga warƙoƙi har ya tsaya a kan wasu da gara ta ɗan ci gefensu. Sullam ce, da rubutun hannu, an cika hashiyarta da jan tawada, wani wurin ma da fassarar ajami. Ya miƙa wa ɗansa ya ce, "Ungo, ka je ka nuna wa malaman naku. Amma ka dawo mini da ita kafin ruwa ya sauka, ɗakin kwananku na makaranta ban yarda da rufinsa ba."