Ba Girin-Girin Ba Dai, Ta Yi Mai

Sharhinmu na wannan fitowa ya shafi wani ɗoki da ya kama 'yan'uwanmu masu koyon rubuta manhajar kwamfuta. Da zarar ɗalibi ya gano cewa editan da yake rubuta umarninsa a ciki yana karɓar gyara, sai barci ya ƙaurace masa. Yau ya sauya launi, gobe ya sauya aikin madannai, jibi ya zaunar da abokansa yana rantse musu cewa nasa ya fi na kowa. Ba mu ga laifin wannan ɗoki ba, amma akwai magana a cikinsa.

Da farko dai, abin yana da asali mai kyau. A shekarar 1976 aka fara Emacs a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, sa'an nan Richard Stallman ya fitar da GNU Emacs a 1985. Yawancinsa da harshen Lisp aka rubuta shi, kuma da wannan harshe ne mai amfani da shi yake sarrafa shi yadda ya so. A 1976 ɗin nan kuwa Bill Joy ya rubuta vi, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley. Daga tsatson vi Bram Moolenaar, mutumin ƙasar Holan, ya fitar da Vim a 1991, ya ci gaba da kula da shi har rasuwarsa a 2023. Watau ɗalibi kamar ku ne ya shuka abin da ake cin moriyarsa har yau.

Amfaninsa gare mu a fili yake. Yawancin madannan da ke hannunmu ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Amma da layuka kaɗan a fayil ɗin saiti, mai Emacs ko Vim zai koya wa editansa fitar da su da taɓawa ɗaya ko biyu. Wanda ya yi haka ya gane cewa na'ura baiwa ce, umarni take jira.

To, ina haɗarin yake? Na ɗaya, lokaci. Zangon karatu gajere ne, kuma ranar jarrabawa ko ranar neman aiki ba wanda zai tambaye ka launin editanka. Abin tambaya shi ne, manhajarka tana aiki ko kuwa? Na biyu, da yawa sukan kwaso saitin wani daga intanet, ɗaruruwan layuka, ba su san ma'anar ko guda ba. Ran da ya lalace sai su yi tsuru-tsuru, domin kayan aro ba ya rufe katara. Na uku, edita ma yakan mutu. Kamfanin GitHub ya fitar da Atom a 2014, jama'a suka yi masa ca saboda sauƙin gyaransa, amma a ƙarshen 2022 kamfanin ya daina kula da shi. Wanda ya san ado kaɗai ya koma farko. Wanda ya ƙware a tsara umarni da gano kuskure kuwa ya ɗauki iliminsa ya yi gaba.

Saboda haka shawararmu ga ɗalibai da matasan ma'aikata ita ce: ku zaɓi edita ɗaya, ko Vim ne, ko Emacs, ko VS Code, ku zauna a kansa. Kada ku ƙara layi a saitinku sai kun san aikinsa, kuma sai wata bukata ta gaske ta taso. Gardamar wane ya fi wane, ku bar wa masu lokacinta. Maƙeri yakan gyara guduma tasa, amma da garmar da ya ƙera ake sanin gwanintarsa.

Allah ya sa mu dace, amin.