Wasiƙar Daura: Shawarar Jarirai Iri Biyu Ce

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni fili kamar yadda ka saba, domin in faɗakar da 'yan'uwana ma'aikata da malamai bisa wani ciwo na jarirai.

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. An haifa wa masinjan ofishinmu ɗa namiji. Ran suna aka ga idon yaro ya yi rawaya, tsofaffi suka ce shawara ce, za ta wuce. Aka dinga ba shi jiƙo, ana fitar da shi hantsi. Sai da ya cika wata huɗu, ciki ya kumbura, sa'an nan aka nufi asibiti. Likita ya ce an makara. Yaro bai kai yaye ba.

To, jama'a, shawarar jarirai iri biyu ce. Akwai wadda kan zo kwana 2 ko 3 bayan haihuwa, ta wuce cikin mako biyu, ko da yake ita ma in ta tsananta sai asibiti. Akwai kuma ta toshewa. Watau hanta tana yin wani ruwa mai ɗaci, na matsarmama, wanda ke bin 'yar siririyar hanya zuwa hanji. Shi ke narkar da maiƙo, shi ne kuma ke rina kashi. Kadan hanyar nan ta toshe, sai ruwan ya taru a hanta yana cinta, ya koma cikin jini.

Ba maita ce ke kawo shi ba, ba nonon uwa ba, ba ya kuwa yaɗuwa. Likitoci sun fi zargin ƙwayoyin cuta da ke sa hanyar ta kumbura ta shafe gab da haihuwa ko jim kaɗan bayanta. A waɗansu kuwa, tun a ciki hanyar ba ta ginu daidai ba.

Alamunsa uku ne: rawayar ido da ta zarce kwana 14, kashi fari fat ko toka-toka kamar farar ƙasa, maimakon rawaya ko kore, da fitsari mai duhu da ke rina zane. Abin da ke ruɗin iyaye shi ne da fari yaro yana shan nono lafiya lau.

Maganinsa aiki ne, wanda wani likitan Japan, Morio Kasai, ya bayyana a 1959: a ɗinka hanji a jikin hanta, ruwan ya sami mafita. Amma ya fi cin nasara kafin kwana 60. Mu kuwa mai jego ba ta fita sai arba'in. Kun ga saura kwana 20 ke nan. A ƙasar Taiwan, a 2004 aka soma bai wa kowace mai jego kati mai launukan kashi, ta riƙa gwadawa.

Saboda haka, malaman Daura, Mai'aduwa, Zango, Baure da Sandamu, ku gaya wa iyalinku da ungozoma su duba kashin jariri da hasken rana. Wanda ya ga alamun nan ya kai yaro Babban Asibitin Daura a auna jininsa, kada a jira arba'in. In an tura shi Asibitin Malam Aminu Kano ko Shika ta Zariya, kada ya yi nawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawu, Daura.